Na ajiye ƙwayar da likita ya ba ni, na koma shan ta yayana

"Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne, shekaruna 52. Wata takwas da suka wuce aka auna ni aka ce ina da ciwon sukari irin na manya. Likita ya rubuta mini metformin, ɗaya da safe ɗaya da dare. Tun kwana na biyu cikina ya rikice, ga zawo ga tashin zuciya. Mutumin da ke wuni a hanya, sai in yi ta tsayawa ina neman inda zan zaga, yaron motata yana kallo. Na daure sati uku na ajiye shi, ban faɗa wa kowa ba. Yayana ya shekara goma da wannan ciwo yana shan glibenclamide, ya ce bai taɓa ba shi matsala ba, ya ɗebo mini daga nasa. Da na auna na ga sukarin ya sauka sosai, na ji daɗi. To makon jiya ina tuƙi, ban ci komai ba tun safe, sai gumi ya karyo mini, hannuna na rawa a kan sitiyari, idona ya fara duhu. Da ƙyar na gangara gefen titi. Babban ɗana ya ce waɗannan duk tsofaffin magunguna ne, akwai sabo da ke fitar da sukari ta fitsari, shi zai saya mini. Matata kuwa kuka take yi, ta ce maganin asibiti ne ya kashe ƙodar mahaifina, in bar su duka. Ina da hawan jini kuma. Kunyar komawa wurin likita nake ji, don sau biyu ina ce masa ina shan maganinsa. Wanne ne ya fi a cikin ƙwayoyin nan? Wa zan bi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alhamdu lillahi da Allah ya sa ka kai gefen titi kafin duhun ya gama rufe maka ido. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma duka biyun a wuri ɗaya na tsaya, a kan hannun nan naka da ke rawa bisa sitiyari. Saboda haka kafin mu shiga maganar wanne ya fi, bari in fara da abin da ba zai jira ba. Kada ka sake haɗiyar ƙwayar yayanka ko ɗaya, kuma kada ka ɗauki doguwar hanya sai ka ga likita, yau ko gobe. Sukarin da ya ɗan hau na kwana biyu ba ya kifar da mota. Wanda ya faɗi farat ɗaya yana kifarwa, da kai, da yaron motarka, da bawan Allahn da ke tahowa ta ɗaya hannun bai ji ba bai gani ba.

Abin da ya same ka shi ne faɗuwar sukari. Idan awo ya yi ƙasa da 70 a na'urar da ke lissafi da miligiram, ko 3.9 a mai lissafi da milimol, ƙwaƙwalwa ce ke fara jigata, domin ita sukari ne man da take sha. Daga nan sai gumi, rawar jiki, zuciya na dukan uku-uku, ido ya yi duhu, wani ya riƙa magana kamar wanda ya bugu, in ba a kai ɗauki ba sai suma. Dalilinsa kuwa yana cikin yadda ƙwayar ke aiki. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas, ita ke samar da insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Glibenclamide da 'yan gidansu, wato gliclazide da glimepiride da glipizide, matsa wa fankiriyas lamba suke yi ta zubo insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ranar nan ka sha ƙwaya da ciki wayam, insulin ya fito ya tarar babu abin da ya shigo, sai ya kwashe ɗan abin da ya rage a jini. Asali ma ta haka aka gano dangin nan: a 1942 wani likita a Faransa, Marcel Janbon, yana gwada wani magani a kan masu zazzaɓin taifod, sai ya ga wasunsu suna suma har da mutuwa, aka bincika aka tarar sukarinsu ne ke faɗuwa. Abin da ya zo a matsayin illa shi aka mayar magani, kuma har yau wannan hali bai bar su ba.

Ba ina kushe su ba ne. Suna da ƙarfi, suna aiki da wuri, ba su da tsada, kuma miliyoyin mutane na zaune lafiya a kansu. Sai dai suna son mutumin da ke cin abinci a kan lokaci, suna kuma ƙara wa jiki kamar kilo biyu. A cikinsu glibenclamide ya fi daɗewa a jiki, yana iya wuni ya kwana yana aiki, musamman idan ƙoda ta yi rauni, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta fi karkata ga gliclazide. A Ingila direban babbar mota da ke shan ɗaya daga cikin dangin nan dole ne ya sanar da hukumar lasisi, ya kuma riƙa auna sukarinsa aƙalla sau biyu a rana. Ka ga ke nan sana'arka kaɗai ta isa ta sa likita ya yi dogon tunani kafin ya rubuta maka shi.

Yayanka bai nufe ka da sharri ba. Ya ga ƙanensa na wahala, ya miƙo abin da ya san ya taimake shi. Amma adadin da yake sha an gina masa shi ne sannu a hankali cikin shekara goma, bisa awon jininsa da ƙarfin ƙodarsa da lokacin cin abincinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ka mayar masa da sauran ƙwayoyin da godiya, ka kuma ba shi labarin abin da ya faru a hanya dalla-dalla, domin shi ma shekaru na tafiya, yana da kyau ya tambayi likitansa ko har yanzu wannan ne ya dace da shi.

Yanzu sai metformin ɗin da ya kunyata ka a gaban yaron mota. Na fahimci abin da ka ji, kuma ban ga laifinka a gajiyar da ka yi ba. Zawo a gida wahala ne, balle a tsakiyar hanya da kaya a bayanka da lokacin da aka ɗiba maka. Amma ina so ka san abin da ka ajiye. Metformin ba ya taɓa fankiriyas. Hanta yake hana wa zubo sukarin da take ƙerawa da kanta, musamman da dare, ya kuma sa tsoka ta riƙa amsa kiran insulin ɗin da jikinka ke da shi. Don haka in shi kaɗai ake sha, da wuya ƙwarai ya faɗar da sukari, ko da ka wuni ba ka ci ba, kuma ba ya sa ƙiba. Ga direba wannan babban abu ne. Tsufan da ɗanka yake ƙorafi a kai kuwa shi ne shedarsa. Tun 1957 likita Jean Sterne ya fara ba marasa lafiya shi a Faris, kuma wani babban bincike na Birtaniya da aka shafe kusan shekara ashirin ana bibiyar masu ciwon, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya nuna masu ƙiba da aka ɗora a kansa sun fi samun raguwar bugun zuciya da mutuwa. Shi ya sa har gobe galibin likitoci da shi suke farawa.

Rikicewar cikin sananniya ce, kuma tana da dabara. Ana farawa ne da ƙarami, miligiram 500 sau ɗaya a rana, a haɗiye shi a tsakiyar cin abincin dare, ba kafin ci ba, ba da ciki wayam ba. Sai an yi mako ɗaya ko biyu ciki ya lafa, sannan a ƙara. Ga mutane da yawa zawon yana wucewa da kansa cikin 'yan makonni. In ya ƙi, akwai nau'in da ke narkewa a hankali a cikin hanji, za ka ga an rubuta XR ko SR a jikin kwalinsa, yawanci sau ɗaya ake shansa a rana, kuma da dama daga waɗanda na farkon ya dama wa ciki suna zama lafiya da wannan. Da ka koma a mako na farko ka ce "likita, cikina ya ƙi," da cikin minti biyar an sauya maka. Ka roƙi a sake gwada maka shi ta wannan hanya, ka kuma fara a ranakun da kake gida. Akwai kaɗan da ko an yi duk wannan cikinsu ba ya karɓa, in kana cikinsu sai a bar shi, ba a rasa wani ba. Abu ɗaya da za ka riƙe in ka daɗe a kansa: yana rage bitamin B12 bayan shekaru, rashinsa kuma na kawo dindiris a ƙafa, ƙafar da kake taka birki da ita, don haka a riƙa aunawa jefi-jefi.

Maganar uwargida ita ta fi taɓa ni. Ta ga surukinta ya tafi ta hanyar ƙoda, yanzu ga mijinta da ciwon sukari da hawan jini. Kukanta tsoro ne da ƙauna, kada ka amsa mata da tsawa. Amma shawarar da tsoron ya haifa ita ce mafi haɗari a cikin ukun da aka ba ka. Sukarin da ya yi yawa a jini da hawan jini su ne ke cinye ƙananan jijiyoyin da ƙoda ke tace jini da su, a hankali, ba ciwo ba alama, kuma ciwon sukari shi ne kan gaba a duniya wajen kai mutane ga wankin ƙoda. Metformin ba ya lalata ƙoda. Ta ƙoda yake fita daga jiki, saboda haka in ta raunana sai ya taru, sai likita ya rage shi idan awon ƙarfin tacewarta ya yi ƙasa da 45, ya tsayar da shi idan ya yi ƙasa da 30. Iyali kuma su ga an tsayar da magani ranar da aka ce ƙoda ta taɓu, sai su ɗauka shi ne ya yi ɓarnar. Ƙwayoyin da ya kamata ta sa wa ido su ne na ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu dogon zama a kujerar mota ke haɗiya don ciwon baya. Waɗannan kam yawan shansu na cutar ƙoda. Ka tafi da ita asibiti, ta yi tambayarta da bakinta, ta ga takardar awon da idonta. Hankalinta zai fi kwanciya da haka fiye da duk bayanin da za ka yi mata.

Ɗanka kuma bai yi kuskure a labarin da ya samo ba. Maganin da yake nufi yana nan, sunayensa empagliflozin, dapagliflozin, canagliflozin. A al'ada ƙoda na tace sukari sannan ta mayar da shi cikin jini, su kuma sai su tare hanyar mayarwar, sukari ya bi fitsari ya fita, kamar giram 60 zuwa 80 a rana. Da wannan nauyi kan ragu da kilo biyu ko uku, hawan jini ya ɗan sauka, kuma su kaɗai ba sa faɗar da sukari. Abin da ya ɗaga darajarsu ya zo ne a 2015, lokacin da wani bincike a kan mutum dubu bakwai masu ciwon sukari da ciwon zuciya ya nuna empagliflozin ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38 cikin ɗari. Bayan nan aka tabbatar suna rage saurin lalacewar ƙoda, har ana ba wasu masu ciwon ƙoda ko kasawar zuciya da ba su da ciwon sukari. Mutum mai hawan jini, wanda mahaifinsa ya rasu da ciwon ƙoda, yana da dalili mai ƙarfi na tambayar likita a kansu, kuma idan awon fitsarinka ya nuna furotin na yoyo, ina ganin da wuya likita ya tsallake su.

Sai dai ka dubi ɗaya fuskar da idon direba. Fitsari zai ƙaru, tsayawa a hanya za ta ƙaru. Ruwan jiki na raguwa, wanda ke wuni cikin zafin mota yana tsimin shan ruwa don gudun tsayawa zai iya samun jiri in ya miƙe. Sukarin da ke cikin fitsari na jawo ƙaiƙayi da kumburi a al'aura, ya fi yawa ga mata amma maza ma na samu, maganinsa tsarki mai kyau da busar da wurin, da faɗa wa likita da wuri ba tare da kunya ba. Akwai kuma wata illa da ba ta cika faruwa ba amma mai tsanani, inda jini ke yin tsami ko da na'ura na nuna sukari bai hau ba, alamarta amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama da matsananciyar kasala. Wannan ta asibiti ce nan take. Shi ya sa ake dakatar da su kwana uku kafin tiyata, da duk lokacin da mutum ke amai ko zawo ko ya kasa ci da sha, kamar yadda ake dakatar da metformin ma a irin wannan hali. Sun fi tsoffin tsada nesa ba kusa ba, maganin sukari kuwa ba na wata ɗaya ba ne, don haka ku zauna da ɗan naka ku duba ko aljihu zai jure shekara da shekaru. In ya sayo maka ba tare da awon ƙoda ba, kun yi gudun gara kun tadda zago, abin da ya faru da ƙwayar yayanka ne za a maimaita da sabon kwali. Ka ce masa kuɗin da ya ware ya fara biyan awo da su.

Akwai wani dangi da babu wanda ya ambata maka, kuma a ganina ya cancanci a sa shi a faifai saboda aikinka: masu suna da ke ƙarewa da gliptin, kamar sitagliptin, wanda ya fito a 2006, da vildagliptin da linagliptin. Suna tsawaita rayuwar wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, don haka insulin na ƙaruwa ne kawai lokacin da sukari ya hau. Ba sa dama ciki, ba sa ƙiba, da wuya su faɗar da sukari. Rauninsu shi ne ƙarfinsu matsakaici ne, kuma ba sa kare zuciya da ƙoda irin na waɗancan. Linagliptin ba ya buƙatar ragi ko ƙoda ta yi rauni. Wanda ya taɓa kumburin fankiriyas ya guje su.

Sauran ba sai na ja ka da nisa ba. Pioglitazone na sa jiki ya ji insulin sosai, amma yana tara ruwa, ƙafa ta kumbura, nauyi ya ƙaru, ba a kuma ba mai kasawar zuciya. Acarbose na rage saurin narkewar sitaci a hanji, sai dai kumburin ciki da iska, kai kuwa cikinka ya riga ya sha wuya. Semaglutide na haɗiya, wanda ya fito a 2019, yana da ƙarfi wajen sauke sukari da ƙiba, amma sai da ciki wayam da ɗan ruwa kaɗan, a jira minti 30 kafin a ci komai, ga tashin zuciya a farko, ga tsada.

Ka tambaye ni wanne ya fi. In aka bi abin da ka rubuta, hanyar da nake ganin ta fi kusa da kai ita ce a sake gwada metformin mai narkewa a hankali, in bai isa ba ko ƙoda ta nuna alama a ɗora mai fitar da sukari ta fitsari, in ciki ya ƙi metformin ƙememe a duba gliptin. In kuma aljihu ya tilasta komawa dangin ƙwayar yayanka, to gliclazide a ƙaramin adadi, da sharaɗin cin abinci a kan lokaci da awo kafin tada mota. Amma wanda zai yanke hukunci shi ne mai riƙe da takardar awonka, kuma a nan ne kunyar nan taka ta zama babbar matsala. Ka duba abin da ɓoyon ke jawowa. Likitanka na zaton metformin kake sha. In ya ga sukari ya sauka, zai yaba wa maganin da ba ka sha, ya ce a ci gaba. In ya ga ya hau, zai ce metformin ya gaza, ya ɗora maka wani a kai, wataƙila ma ɗan gidan wanda kake sha a ɓoye, su haɗu su ninka haɗarin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ka kwantar da hankalinka, duk likitan da ke duba masu sukari ya saba jin "na daina sha," a rana ɗaya ma yakan ji fiye da sau ɗaya. In bakinka ya yi nauyi, ka zuba kwalayen biyu a leda ka ajiye masa a kan tebur, ka ce "wannan na daina tun wata bakwai, wannan nake sha, ga abin da ya same ni a hanya." In ya yi faɗa, na minti ɗaya ne. In kuma ya kasance mutumin da ba ya saurare, kana da damar neman wani, amma shi ma da gaskiyar za ka fara.

Ka nemi a yi maka awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarinka na wata biyu zuwa uku. Ga yawancin masu shekarunka ana neman ya tsaya wajen kashi 7 cikin ɗari. Ka nemi awon ƙoda na jini da na furotin a fitsari, a duba hawan jininka da maganin da kake sha masa, a duba bayan ido da tafin ƙafa. Ka faɗa masa aikinka, da awa nawa kake yi a hanya, da lokutan da kake samun ci. In kafin ka same shi ƙishirwa ta yi tsanani, fitsari ya yi yawa, ko amai da ruɗewa suka zo, ka wuce sashen gaggawa kai tsaye.

Daga yau kuma, ko wace ƙwaya aka ba ka, na'urar awo da ƙullin sukari su zauna a aljihun gaban mota inda hannu zai kai. Kada ka tada mota in awo ya yi ƙasa da 90, wato 5 a ɗaya lissafin, sai ka ci wani abu. In gumi da rawar nan suka dawo, ka tsaya, ka kashe injin, ka sha sukari kamar giram 15, wato ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, ka sake aunawa bayan minti 15, in bai hau ba ka maimaita, sannan ka ci abinci. Ko ka ji ka warware, ka ba ƙwaƙwalwa minti 45 kafin ka koma sitiyari. Yaron motar nan da kake jin kunyarsa, ka zaunar da shi ka koya masa alamomin, ka nuna masa inda sukarin yake, ka kuma gaya masa in ya ga ka suma kada ya ɗura maka komai a baki, ya kwantar da kai ta gefe ya nemi asibiti mafi kusa. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare hanya. Ka rubuto mini bayan ka ga likita in ji abin da awon ƙodar ya nuna.